Hawayen Ilinka a Ranar Neman Gafara

Dusar ƙanƙara na zuba kamar da gayya lokacin da Saveta ta watso kayan Ilinka tsakar gida. "Fita! Fice mini, 'yar iska! Mun ci da ke mun sha da ke tun rasuwar iyayenki, sakayyar ke nan?"

"Inna, don girman Allah ki saurare ni... ban taɓa taka rumbun ciyawar nan ba!" Ilinka ta durƙusa tana rawar sanyi, ta waiga wajen baffanta, Toader, amma ya sunkuyar da kai, don bai taɓa iya musa wa matarsa ba.

Maganar ta riga ta zaga ƙauyen: wai an ga mace sanye da jan mayafin Ilinka tana fitowa daga rumbu da wani direban motar katako. Kafin Lahadi an cire ta daga mawaƙan coci. Gavril, saurayin da ya yi alkawarin aurenta, ya bi son ran mahaifiyarsa ya janye, ya haye dutse saran itace ba ko sallama. Idan Ilinka ta je rijiya mata su janye bokitansu, wata ta ce, "Ga waliyyiya nan, a ba ta hanya!" Sai dariya. Wayyo maraici! Wata tsohuwa mai kiwon tumaki ce ta ba ta wurin kwana. Ilinka ta kasa zaune ta kasa tsaye, domin ta san wadda ta ari mayafin ranar: Rodika, 'yar Saveta. Sau nawa ta tashi za ta je ta fasa ƙwai, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka! "Ya Yesu, kai ma an yi maka ƙazafi ka yafe... ka riƙe mini harshena, kada in tona ta."

Ba a je ko'ina ba cikin Rodika ya fito, ta bar gida ta bi direban zuwa birni. Da labari ya iske Saveta ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Maƙwabtan da ke taya ta gulma suka ɗauke ƙafa. Tsohuwar mai tumaki ta ce wa Ilinka, "Alhakinki ne, bar ta ta ɗanɗana!" Ilinka ta girgiza kai, ta kama hanyar gidan Saveta. Ita ta dinga wanke ƙazantarta, tana juya ta, tana ba ta miya a baki. Saveta takan kau da fuska, hawaye na bin kuncinta. "Me ya kawo ki? Dariya kika zo yi mini?"

"Buɗe baki, Inna, miyar za ta huce."

Ranar Lahadin da ake neman gafarar juna kafin babban azumi, Saveta ta matsa sai an kai ta coci. Toader ya goya ta har gaban limamin cocin, Fada Onufrie. Ta ɗaga hannunta mai lafiya. "Jama'a, ku ji! 'Yata ce a rumbun nan, na kuma sani tun ranar! Na ɗora wa marainiya don in rufa wa tawa asiri. Yarinyar nan tsarkakakkiya ce... ni ce ƙazama!"

Coci ya kaure da koke-koke. Matan rijiya suka rufe fuskokinsu. Gavril, wanda ya sauko don azumi, ya ratsa mutane ya zube gaban Ilinka, mahaifiyarsa na biye. "Na ci amanarki. Ban cancanci ko kallonki ba."

"Tashi, Gavril. Na yafe maka, amma ka ba ni lokaci... ciwon bai warke ba."

Ya jira. Bayan bikin Ista aka ɗaura musu aure, ƙauyen duka ya hallara. Saveta kuwa ba ta sake takawa ba, Rodika ma ba ta ko leƙo ta ba. Da ajalinta ya zo, a hannun Ilinka ta cika, tana kiranta da sunan da ba ta taɓa kiranta da shi ba: "'Yata."