Tambaya ta Tara

Ranar da Yurani ta fara ganin Efraín, ya shigo ɗakin ne yana goge hannu a wando, garin fulawa bai gama fita daga farcensa ba. Mai gasa burodi ne, yana karɓar maganin farfaɗiya a asibitin.

Ita kuwa ɗalibar jami'a ce a birnin Bucaramanga, tana aikin wani bincike da ke auna yadda masu ciwo, na jiki ko na ƙwaƙwalwa, ke ƙyamar kansu da kansu. Jimla ashirin ce a takarda. A karanta wa mutum, ya zaɓi lamba: ɗaya, sam bai yarda ba, huɗu, ya yarda ƙwarai. Ba a rubuta suna. Bayan mako biyu ya dawo a maimaita, a ga ko ma'aunin na da magana ɗaya.

Yana ta ba ta dariya har suka iso ta tara.

"Mutum irina bai kamata ya yi aure ba."

"Huɗu," ya ce, ko tunani bai yi ba.

Dokar aiki ta hana ta cewa uffan, sai ta zagaye lambar.

Da ya dawo, huɗu ya sake cewa. Ta bari aka rufe takardarsa, ta bi shi har bakin titi, ta ce yanzu ba a bakin aiki take ba, kuma amsarsa ta tara shirme ce. Ya tsaya baki buɗe, sannan ya nemi lambar wayarta.

Da soyayya ta yi nisa, yakan tsokane ta: "Malama Ɗaya-zuwa-huɗu, kin ƙoshi? Zaɓi lamba."

"Biyu. Kawo burodi, Mai Fulawa."

Bayan wata bakwai ya zo gidansu cin abincin Lahadi, ya faɗi ciwonsa da bakinsa. Mahaifinta, Don Arcesio, ya ci gaba da cin abincinsa. Mahaifiyarta, Doña Nubia, ta ajiye ludayi. Yana fita ta ce ba ta haifi 'ya don ta ƙare rayuwa tana ɗaga miji daga ƙasa ba, masu irin wannan lalura su ji tausayin mutane su zauna haka. Ta kawo zancen ɗan ƙawarta mai gyaran haƙori. Yurani ta ce ba ta yi shekara biyar a jami'a don a latsa mata miji kamar gwanda a kasuwa ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Mamarki ta yi gaskiya, zuciyata. Tun ranar farko na ce miki huɗu."

Daga nan ya daina ɗaukar waya.

Wata uku ta yi a haka. Ba wanda ya ga hawayenta. Ba ta roƙi uwar ba, ba ta je gidan burodin ba. Kullum ta shafa jan baki ta fita aiki, ta karanta wa baƙi jimlar da ta raba ta da masoyinta, muryarta ba ta rawa.

Wata Alhamis abokiyar aikinta ta kwanta rashin lafiya, aka tura Yurani wani asibiti a can ƙarshen gari, ɓangaren masu ciwon damuwa. Ta kira lamba ɗari biyu da sha biyu.

Doña Nubia ce ta turo ƙofa, sanye da baƙin tabarau, riƙe da jakar da take ɗauka duk wata in ta ce za ta gaida ƙanwarta.

Da ƙyar Yurani ta iya cewa doka ta ba ta damar neman wani ya yi mata tambayoyin. Uwar ta ja kujera.

"Karanta."

Huɗu. Huɗu. Uku. Huɗu. A tsakani take faɗin sauran, idonta a bango: shekara ashirin da shida tana shan magani, a gwangwanin kofi take ɓoye shi, mijinta kaɗai ya sani.

Suka iso ta tara. Yurani ta karanta, a karon farko muryarta ta karye.

"Kakarki ta faɗa wa babanki haka a gabana," in ji uwar. "Shi ya ƙi ji. Ni ce na ji."

"Wace lamba zan zagaye, Mama?"

"Ke me kika gani?"

"Ba a yarda in amsa ba."

Doña Nubia ta cire tabarau, ta daɗe tana kallon wannan 'ya mai taurin kai da auren ya haifar.

"Biyu. Kar ki matsa min, 'yar nan, ɗaya sai a hankali."

Yurani ta kai wa shugabar bincike takardar, ta ce a cire ta, don 'ya ba ta auna uwa.

Washegari Doña Nubia ta je gidan burodin da ƙafarta. Ta sayi shida, ta ce wa Efraín ya zo Lahadi da mahaifiyarsa. Abin da ta gaya masa a bayan tanda, har yau ba wanda ya sani.

Da dare saƙonsa ya shigo wayar Yurani: "Mamarki ta zo. Sake yi min ta tara."

"Sai a coci a gaban fada, Mai Fulawa."

A watan Disamba aka ɗaura aure. Don Arcesio ya sha kuka fiye da kowa. Doña Nubia ta dafa kawunansu ta ce Allah ya bar su tare, da lafiya da rashinta, ya ba su 'ya'yan da ba sa ɓoye magani.

A ƙofar coci Yurani ta ɗaga gira tana kallon angonta. Efraín ya ɗaga yatsa ɗaya.