Wa Ya Ɗaure Doyar?

"Ba za ki taɓa min kai ba, Mama! Mijina yana raye!"

Egondu ta ja da baya tana huci. Surukarta ta biyo ta da reza a hannu.

"Rage murya! So kike su ji?"

Tun da sojoji suka kama garin a yaƙin nan na Biyafara, duk namijin da ya isa riƙe bindiga kwashe shi suke yi. Mijin Egondu, Nwabueze, na ɓoye cikin rami a bayan rumbun doya. Dabarar tsohuwar ita ce a aske Egondu kamar mai takaba, a ce ya mutu.

Egondu ta durƙusa, gashin na zuba, zuciyarta na tafasa. Wace irin rayuwa ce wannan, ka yi makokin mai rai don ya rayu?

Da hantsi sojoji uku suka banko ƙofa.

"Ina mijinki?"

"Ya rasu, ranka ya daɗe..."

Babbansu ya dubi kanta, har ya juya zai fita, sai idonsa ya faɗa kan rumbun. Ga sabuwar doya jere a jikin sanduna, an ɗaure ta tsaf. Egondu ta dubi inda yake kallo. Jiya a zube ta bar ta a ƙasa!

"Na daɗe a ƙasar nan," in ji shi. "Mace ba ta ɗaure doya. Wa ya ɗaure?"

"Ni ce!"

Ya kwaɗa mata mari, ta kife. Ya ɗaga gindin bindiga.

"Kar ka ƙara! Ni na ɗaure!"

Nwabueze ne, duk jikinsa ƙasa, hannuwa a sama. Egondu ta tashi ta cakumi rigarsa tana dukan ƙirjinsa.

"Doya, Nwabueze? Doya ta fi ni? Ka kashe ni! Wallahi ba zan yafe maka ba!"

"Ruɓewa za ta yi a ƙasa, masoyiyata... Me za ku ci, ke da abin da ke cikinki?"

Ta saki rigarsa. Ko Mama ba ta gaya wa ba.

"Ka sani?"

"Tun ranar da kika ƙi miyar ogbono."

Suka fizge shi, suka jefa shi a motarsu. Ta bi motar a guje tana tsine musu, tana kiran sunansa, har muryarta ta dishe. Kafin ta kai kwanar makaranta ta ji harbin, ba ta kuma daina gudu ba.