Farantin Baƙo

"Sayar min da shi, Jagoda."

Malwina ce tsaye a tsakiyar kicin ɗina, ko takalmi ba ta cire ba, ƙanƙara na narkewa daga shi a kan shimfiɗar da kakata ta saƙa. Yatsanta na nuna tukunyar ƙasar da na hauro da ita daga ɗakin ajiya don in duba.

"Ba na sayarwa ba ne."

"Haba! Ke da kike tallar busasshiyar tuffa a bakin kasuwa, me kike da shi da ba na sayarwa ba? Faɗi kuɗinki. Pani Regina, mahaifiyar Ludwik, na son piernik, burodin zumar nan irin na da, ni kuwa ba ni da lokacin wannan wahalar. Ran jajibirin Kirsimeti a gidansu za mu ci abinci, ni da iyayena. Kin dai san abin da hakan ke nufi..."

Ta zare safar hannunta a hankali, don kawai in ga zoben.

Na kuwa gani.

"Wa ya gaya miki ina da kwaɓi?"

"Wa kuwa? Ludwik mana!"

Na dafa bakin teburi.

"Fita min daga gida, Malwina."

"Zan fita. Amma ki yi tunani, ke kaɗai da wa za ki ci shi? Da kyanwa?"

Ta ja ƙofa ta tafi, ta bar min ƙamshin turarenta da ruwan takalminta. Ko kyanwar ma ba ni da ita.

Na zauna a ƙasa na rungume tukunyar. Tun farkon Nuwamba kwaɓin nan yake kwance a wuri mai sanyi, fulawa da zuma da kirfa da kanumfari, yana nuna a hankali kamar yadda ake yi. Saurayina Ludwik ne ya kawo zumar, baƙa wuluk, a ɓoye cikin rigar sanyinsa. Tare muka kwaɓa, shi yana murzawa ni ina zuba fulawa, har ya shafa min a hanci.

"Tare za mu gasa shi, zumata," ya ce da ni a ranar. "Tare kuma za mu kai shi teburin Mama."

Ni da shi kaɗai muka san da tukunyar nan. To ga shi yau maganar ta fito daga bakin 'yar mai kantin magani.

Abin da ya raba mu kuwa a ƙofar coci ya faru, a gaban jama'a. Na gaishe da mahaifiyarsa, Pani Regina, ta dube ni sama da ƙasa ta juya wajen ƙawarta.

"Uwar ta tafi Italiya jinyar tsofaffin wasu, ta bar tata uwar ta mutu a hannun jika. Barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ludwik yana tsaye a gefenta. Ƙato guda, mai sare itatuwa a dawa, amma ranar takalminsa ya tsaya kallo.

Da ya biyo ni na ce masa, "Kada ka sake taka ƙofata. Ko ka zo ba zan buɗe ba!"

Ya zo ɗin. Ya ƙwanƙwasa, ya kira sunana, ina jingine da ƙofar ina hawaye, ban buɗe ba. Lambarsa ma na toshe. Ni jikar Kaka Bronia ce, in muka yi fushi ba ma yin rabi.

Bayan zuwan Malwina sai na duƙufa kan aiki, don hannu in yana motsi zuciya kan ɗan lafa. Masana'antar takalman da nake aiki ta rage mana kwanaki, kyautar kanti kuwa sai dai in leƙa ta gilashi in wuce. Na ɗauko tsohuwar rigar ulu ta Kaka, wadda har yanzu ke ƙamshinta, na warware ta zare-zare. Na saƙa wa maƙwabcina Pan Alojzy safa, na saƙa wa Mama mayafin wuya. Tuffar bayan gida na riga na yanka na busar a kan murhu, sai na ƙulla ta a ƙananan jakunkunan da na ɗinka da tsohon labule. Naman kaza, wato laimar kwaɗon da muka tsinto a daji a lokacin kaka, yana rataye a zare, shi zai yi min miya.

Wata rana da yamma na duba abin da ke hannuna, sai na ga safar hannu nake saƙawa. Babba, irin ta mai riƙe gatari.

Na yi jifa da ita bayan kujera.

Can kuma na je na ɗauko, na ƙarasa babban yatsan.

Ana saura kwanaki na gasa piernik ɗin ni kaɗai. Gidan ya cika da ƙamshi, irin ƙamshin da ke sa mutum ya waiwaya ya ce "kin ji?", sai dai babu wanda zan ce wa. Ya fito da tauri kamar bulo. Ban damu ba, haka yake fitowa. Kaka takan ce a naɗe shi a ƙyalle, a ɗora masa nauyi, a ƙyale shi, da kansa zai yi laushi.

Ana gobe jajibiri Mama ta kira.

"Jagusia, 'yata... tsohuwar da nake jinya ta sake faɗuwa. 'Ya'yanta sun ce ba zan tafi ba."

"Ba komai, Mama."

"Ke kaɗai za ki zauna?"

"A'a, wurin Pan Alojzy zan ci."

Ƙarya na yi. Ɗansa ya zo ya tafi da shi birni tun da safe, sanye da safata. Da na ajiye wayar na yi kukan da ban yi ba tun jana'izar Kaka.

Amma al'ada al'ada ce, ko babu mai gani. Ran jajibiri na sa busasshiyar ciyawa ƙarƙashin farin ƙyallen teburi. Masu hali abinci kala goma sha biyu suke jerawa, ni nawa miyar naman kaza ce, da kifi, da piernik. Na ajiye farantina, na ajiye na baƙo a gabansa, wanda kowane gida ke bari babu kowa a kansa, don duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa a wannan maraicen ba a korarsa, ko maƙiyinka ne. Na ɗora oplatek a tsakiya, farar wainar nan mai siriri da ake karɓowa a coci, wadda 'yan gida ke gutsura wa juna suna yafe wa juna.

Da wa zan gutsura?

Na tsaya a taga ina jiran tauraron farko, wanda sai ya fito ake fara cin abinci. Ta kowace taga a layinmu ina hango kawuna na kai da kawowa. A can saman tudu, gidan Pani Regina ya haske tar, motar su Malwina na ƙofa.

Tauraron ya fito.

Na zauna, na ɗauki cokali, na kasa kai shi baki.

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

"Wane ne?"

"Baƙo ne."

Muryar ta ratsa ni har tafin ƙafa.

"Na ce maka ba zan buɗe ba, Ludwik!"

"Kin faɗa. Amma yau ba ki da iko, Jagusia. Tambayi Kaka Bronia, ko tana kabari za ta gaya miki."

Mugu! Ya san ni sarai. Na buɗe.

Yana tsaye ba hula, ƙanƙara ta cika masa gashi, ya rungume wani abu a ƙirji da hannu biyu. Faranti ne fari mai bakin zinariya.

"Mene ne wannan?"

"Farantin baƙon Mama. Tun ina yaro take ajiye shi, ba wanda ya taɓa ci a ciki. Yau da muka zauna na ce mata bana yana da mai shi, zan je in ɗauko ki."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce kowa ma, ban da ke." Ya gyara riƙon farantin. "Sai na miƙe a gaban kowa na ce, Mama, farantin da ake zaɓar masa baƙo ba na baƙo ba ne, ado ne. Na ce Jagoda nake so, ita zan aura. Na ɗauke shi na fito."

"Ashe kana da baki."

"Na makara da samunsa. Ki yafe min, rabin raina... ranar nan tsoro ne ya kama ni, kuma tun ranar ban yi barcin kirki ba."

"Zoben fa?"

"Wane zobe?"

"Na hannun Malwina! Wadda ka kwashe sirrin tukunyarmu ka kai mata!"

Ya buɗe baki yana kallona.

"Ni? Wallahi bayan gaisuwa ba abin da ke haɗa ni da ita. Mama ce ta ga babu kwalbar zumar, ta tsare ni har na faɗa. A wurinta ta ji. Zobe kuwa, in ta saya wa kanta, Allah ya sa ya yi mata daidai."

Na so in ci gaba da fushi, Allah ya sani na so. Sai na ga hannayensa sun yi jawur don sanyi. Na juya na ɗauko safar hannun nan na cilla masa a ƙirji.

"Ungo. Ba don kai na saƙa ba."

Ya zura. Ta zauna masa cif.

"Na gani," ya ce, idonsa ya ciko. "Wani mai irin hannuna ne."

Ya zauna a gaban farantin baƙona. Na Pani Regina kuwa na goge shi na ajiye a gefe da cokali, tunda teburi ba ya zama babu na baƙo. Ya ɗauki oplatek ya miƙo min, na gutsura, ya gutsuri nawa.

"Na yafe," na ce. "Amma in ka sake kallon takalminka..."

"Sai ki jefa shi a murhu, zumata."

Mun gama miya, mun ci kifi, ina yanka piernik ke nan aka sake buga ƙofa. Wannan karon da ƙarfi.

Pani Regina ce, da baƙin mayafinta, tana haki saboda gangarowa daga tudu.

"Farantina na zo karɓa. Na uwata ne, ba zan bar jerin da giɓi ba."

Ba ta dubi ɗanta ba. Na hango saman tudu ta bayanta, babu motar nan, fitila ɗaya ce ta rage a gidan. Na san irin wannan gidan, a cikinsa nake kwana.

Maganar ƙofar coci ta taso min har wuya. Na haɗiye ta.

"Ga shi can a kan teburi, Pani Regina. Amma na baƙo ne, ba a ɗauke shi sai an ci a ciki."

Ta dube ni, ta dubi farantin. Sannan ta kakkaɓe takalminta ta cire shi a bakin ƙofa.

"Baƙin naki fa, Mama?" Ludwik ya tambaya a hankali.

"Sun tafi. Yarinyar ta kawo piernik wai ita ta yi, ashe yau da safe ta gasa. Yau da safe! Uban ya gatsa, haƙorin roba ya zauna a ciki." Ta ja kujera. "Kai kuma kada ka yi min dariya, ban gama da kai ba."

Na sa mata yanka ɗaya a farantinta. Ya yi laushi, ya yi duhu, wuƙa na shiga kamar a man shanu. Ta gutsura ta kai baki tana ɓata fuska, irin ta mai neman aibu.

Sai ta daina taunawa.

"Zumar mijina Zenon ce..."

Ludwik ya sunkuyar da kai. "Ita ce, Mama."

"Ta ƙarshe da ya ɗiba kafin ya kwanta." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. Ni ta kalla. "Kin san abin da mijina ya ce a kan kwalbar nan? Ya ce a ajiye ta, ba mai taɓawa sai za a yi piernik ɗin auren Ludwik."

Na juya na dubi Ludwik. Bai taɓa gaya min ba.

"Na sani, Mama," ya ce, wannan karon idonsa cikin nata. "Shi ya sa na kawo ta nan."

Pani Regina ta cinye yankan tas, har ta dangwale ɓurɓushin da yatsa. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki ragowar oplatek ɗin, ta miƙo min.

"Abin da na faɗa a kan uwarki... bai kamata ba. Gutsura, 'yata, hannuna ya gaji."

Na gutsura. Ina kuka, tana kuka, ƙaton nan ma yana share ido da sabuwar safarsa.

Ta ja hanci, ta tura min farantin mai bakin zinariya.

"Ƙara min. Kanumfarin ya ɗan yi yawa, amma ba laifi. Baɗi a kicin ɗina za mu kwaɓa, tukunyata ta fi taki girma."