Kukan da Rhoda Ta Yi wa Mai Rai

An ɗaura, jama'a! An ɗaura auren Rhoda da Ephraim ranar Asabar a cocinmu na Jimeta. Ni Fibi, yayarta, da goyona a baya na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi. Amma bari in ɗauko muku daga farko, don yarinyar nan ta sha wuya.

A makarantar mishan suka fara ganin juna, shekara guda kafin yaƙin basasa. Ni lokacin na bar karatu ina koyon ɗinki. Akwai wata malama Baturiya 'yar ƙasar Sukotlan, Mis muke ce mata. Ita ta shirya wasan kwaikwayo a kan wata sarauniyar ƙasarsu ta zamanin da. Wai baƙuwa ce, iska ta koro jirginsu zuwa gaɓar ƙasar, sarki ya gan ta ya ce shi kam ya ga matar aure. Ta haifa masa 'ya'ya takwas, tana ciyar da marayu da hannunta, har jirgin fito ta sa wa talakawa kyauta, irin namu na bakin Binuwai. Ƙarshe aka kashe mata miji da babban ɗanta a yaƙi. Labarin na zuwa, ita ma ba ta daɗe ba.

Rhoda aka ba sarauniya. Sarki kuwa daga ɓangaren maza aka kawo shi, wani dogo mai wushirya, wato Ephraim. Ni na yi musu hulunan sarauta da kwali da takardar sigari mai ƙyalli.

Ranar gwaji ya dube ta ya ce, "Ranki ya daɗe, hular nan ta rufe miki ido."

Ta ce, "Gara haka, da in ga sarki da takalmin taya."

Shi ke nan fa. Daga ranar ita ce Sarauniyata, shi ne Mai Taya.

Wurin kukan ne Mis ba ta gamsu ba. Kullum sai ta ce, "Rhoda, wannan ba kuka ba ne. Yi yadda ake yi a garinku." Baiwar Allah, ba ta san abin da take nema ba. Mu a wajenmu can kudu, cikin duwatsu, in namiji ya mutu, matarsa ko uwarsa takan ɗora hannu biyu a ka, ta kira sunansa da na ubansa da na kakansa. Ba a yi wa mai rai. Ko yara ba sa wasa da shi.

Ranar wasa zauren makaranta ya cika. Aka shigo da Ephraim a kan ƙyauren ƙofa, an zuba masa jar tawada a riga. Rhoda ta dube shi kwance, sai ta manta wasa ake yi. Ta ɗora hannu a ka, ta ƙwala kukan garinmu na gaske, kuma ba sunan sarki ta kira ba. Ephraim ta kira, da ubansa, da kakansa.

Mis tana tafi har da hawaye. Iyayenmu kuwa ba wanda ya tafa. Sai Dada, uwar Ephraim, ta miƙe daga benci ta nuna Rhoda.

"Ɗana yana numfashi kike binne min shi? Me na yi miki, 'yar nan?"

Babanmu ya je ba da haƙuri da Fasto. Dada ta ce ta ji, amma muddin tana raye yarinyar nan ba za ta taka gidanta ba. Ta ma riga ta zaɓa masa Selina, 'yar Malam Zadok akawu, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Da yaƙi ya tashi aka zo ɗaukar soja, Ephraim ya shiga. Ya sami Rhoda a bayan gidanmu tana surfe.

"Sarauniyata, in na dawo da igiyar soja a hannun riga, Dada za ta sauko."

"Mai Taya, kada ka je. Ka san yadda wasan ya ƙare."

"Ai a wasan ma na tashi na wanke rigata."

Saƙo ɗaya tak ta samu daga gare shi: "Sarauniyata, an ba ni takalmin but, amma ya fi na taya ciwo. Ki ajiye min hulata. Naki har abada."

A shekara ta biyu wani soja, Boaz, ya zo da akwatin Ephraim. Ya ce a gabansa ya faɗi a bakin wani kogi, ba su samu damar ɗauko shi ba.

Dada ta zauna makoki. Ta ɗora hannu a ka, ta kira sunansa da na ubansa da na kakansa, duk unguwa sun ji. Selina ma ta yi ta birgima. Rhoda ta je ta durƙusa a bakin ƙofa.

Dada ta ce, "To bakinki ya kama. Sai ki ƙarasa, ai kin iya."

Rhoda ta ce, "Dada, ban ga gawa ba. Sau ɗaya na yi wannan kuskuren, ba zan ƙara ba."

Wayyo, babu abin da ba a kira ta da shi ba! Mai baƙin baki, mai busasshiyar zuciya. Selina ba ta rufe shekara ba ta auri wani malamin asibiti, ba wanda ya ce mata kanzil. Rhoda kuwa ta bar makaranta ta kama suyar ƙosai, amma a unguwa ba mai saye. Mata na janye 'ya'yansu in ta wuce. Dole ta kwashe kaskonta ta koma bakin fito, inda baƙi ba su san ta ba. Babanmu da wannan baƙin cikin ya rasu.

Bayan an gama yaƙi, wata safiya jirgin fito ya sauke mutanen motar Maiduguri. Wani ramamme ya tsaya a kanta, hannun rigarsa na dama a naɗe da fil.

"Ranki ya daɗe, ana ba sarki ƙosai kyauta?"

Ba ta yi ihu ba. Ta dube shi, ta dubi hannun rigar, ta ce, "Ina igiyar da ka ce?"

"Ta tafi da hannun."

Ashe kama shi aka yi a can, daga baya ya yi ta jinya a asibitin soja. Nan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta riƙe tun ranar makoki, mai yana ƙonewa a kasko.

Kuna tsammani Dada ta sauko? Ina! Ta gama rungumar ɗanta ta ce, "Ita ta ci maka hannu."

Ephraim ya ce, "Dada, an ce min an yi makokina a tsakar gidan nan. Wa ya kira sunana?"

Dada ta kau da kai.

"Ina kwance da rai a lokacin. Duk garin nan mutum ɗaya ce ta ƙi binne ni."

Dada ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Har aka sa rana ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.

A wajenmu, wanda ya yi wa mai rai kukan mutuwa sai ya wanke masa fuska da ruwa a sabuwar ƙwarya. Da can Rhoda ta nemi ta yi, Dada ta hana. To ranar Asabar, muna shirin fita coci, sai ga Dada a ƙofarmu da sabuwar ƙwarya, tana jan Ephraim. Ba ta gai da kowa ba. Ta miƙa wa Rhoda gefe ɗaya.

"Riƙe. Mu biyu ne."

Tare suka wanke masa fuska, ruwa na zuba a kan kwat ɗin aro. A coci Dada can baya ta zauna, ba ta yi guɗa ba, ba ta yi rawa ba. Zoben ma Fasto ne ya taya ango riƙe yatsan amarya. Selina tana gaba-gaba da sabon leshi, ita ta fi kowa tafi. Kujerar babanmu kuwa kawu ne a kai.

Amma an ɗaura. Ubangiji ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya ko takwas ne, ya tsayar da kamanninsu da sarauniyar nan a daidai wurin 'ya'yan, kada ya wuce. Hular kwalin ta sarauniya tana nan a akwatina. Na ce wa Rhoda in 'yata ta yi wayo za ta yi wasa da ita, amma ban da kuka.