Kwanika

Ummusalma tana durƙushe a tsakar gidansu da ke Gangare tana wanki, Salim a bayanta, yayarsa riƙe da zaninta tana kuka, sai ga surukarta Inna Hassana ta faɗo ko sallama babu.

"Gwadabe! Fito! Ashe allurar hana haihuwa matarka take yi? An gan ta a layin asibiti!"

Gwadabe ya taso daga kan keken ɗinkinsa.

"Inna, da sanina ne, ni na kai ta a mashin. Haihuwar Salim jini ya kusa tafiya da ita. Likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki yanzu..."

"Likitan ne Allah? Ko ta bari, ko ta bar gidan nan!"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ba zan iya ko ɗaya ba."

Ummusalma ta ci gaba da cuɗa kaya. Ko ƙarfin kuka ba ta da shi, hawayen ne kawai ke zuba.

Tun daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwarta. In Ummusalma ta kai mata tuwo, a dawo da shi a rufe. Ba ta fasa kaiwa ba, ba ta fasa gaisuwa ba.

Wata safiya Ummusalma tana yi wa yaran wanka, Inna ta leƙo, ta taɓe baki.

"Ji yara kamar tagwaye! Mu a zamaninmu kwanika abin kunya ce. Ciki da goyo? Gida mace take tafiya, sai ta yaye ta dawo."

"Inna, ni wane gida zan tafi?" in ji Ummusalma a hankali. "Tun da aka yi rikici gidanmu ya ƙone, iyayena a ɗaki ɗaya suke a Bukuru. Allurar nan ita ce tafiya gidana. Ba hanawa ba ce, tazara ce, sai na yaye."

Inna ta daɗe tana kallon ƙashin wuyan Ummusalma da ya fito saboda rama.

"Miƙo Salim nan," ta ce. "Je ki kwanta. Kai kuma tela, tsayar da keken nan, 'yata za ta yi barci!"

Gwadabe ya ɗauke ƙafarsa yana murmushi.

Haƙurin Ummusalma ne ya ba ta bakin magana a ranar. Haihuwa kyauta ce daga Allah, amma ran uwar ma amana ce.