Ranar da Haulat Ta Hana Shi Tashi

Ranar farko da Alamin ya ga Haulat, takardar tsarin tafiyarsa ta maido masa. Shi matuƙin ƙaramin jirgi ne mai kai likitocin dabbobi tsakanin Yola da Katsina, ita kuma tana aikin kula da tashi da saukar jirage a filin jirgin Katsina.

"Kyaftin, ba ka rubuta inda za ka sauka ba in Yola ta rufe," ta ce. "Duk wanda zai shiga gajimare ya dogara da na'ura, sai ya faɗa mana hanyarsa, da man da ya ɗauka, da filin da zai fake. In babu, to babu izini."

Ya cike wurin yana murmushi, ya ƙara lambar wayarsa, wai ko za a nemi ƙarin bayani. Aka nema kuwa, har zance ya wuce batun jirgi.

"Haulina, na sauka lafiya," ya rubuto mata wata rana. "Inna ta ce maza in kawo mata surukarta. Har atamfa ta sayo miki ta ɓoye."

Amma a unguwar Gobarau, mahaifin Haulat, Malam Isiyaku, ya kafe. Shi Sa'idu yake so, ɗan ƙanensa mai sayar da hatsi.

"Wanda ya saba da sama, wa zai tanƙwara shi a ƙasa?" ya ce. "Ba ni ba da ɗiyata ga wanda bai jin bari."

Ana cikin haka damina ta yi nisa. Wata safiya Alamin yana Katsina aka bugo masa cewa mahaifiyarsa Inna tana gargara a Yola. Ya ruga cikin jirgi ya tayar da inji, bai shigar da tsarin tafiya ba, ga hadari ya haɗe gari, Yola ma ruwa ake shekawa. Kuma Haulat ce ke kan rediyo.

"Babu tsarin tafiyarka a gabana," ta ce. "Man da ke tankinka ba zai kai ka wani fili ba in Yola ta rufe."

"Hauli, Inna ce fa."

"Na sani," ta ce. "Ka kashe inji, Kyaftin."

Titin tashi a buɗe yake, babu mai iya tare shi. Ya daɗe hannunsa a kan sitiyari, sannan ya kashe. Kafin a ƙara mai, a shigar da tsari, a ba shi izini, rana ta yi. Da ya isa gida ya tarar an dawo daga maƙabarta.

Daga nan wayarsa ta yi shiru. Ta aika masa: "Allah Ya jiƙan Inna. Na san ba ka son ganin sunana. Da za a maido ranar, abin da na faɗa zan sake faɗa, kuma in sake yin kukan da na yi." Bai amsa ba.

Haulat ta rame, ta daina cin abinci, ga Sa'idu kullum yana ƙofar gida. Rannan Malam ya same ta tana kuka, ya matsa mata har ta faɗa masa komai. Ya dube ta ya ce:

"Uwarsa na gargara, hanya a buɗe, kika ce ya tsaya, kuma ya tsaya?"

Washegari ya hau mota zuwa Yola yin ta'aziyya. Bayan addu'a ya ce wa Alamin in har yana so, ya turo magabatansa.

"Baba, ba fushi nake da ita ba," Alamin ya ce, hawaye na zuba. "In na ji muryarta, ranar nake tunawa."

"Ita ma ranar take tunawa. Gara ku tuna tare."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, dattawa suka sa albarka. Da aka kai amarya Alamin ya ɗaga mayafinta, sai ya ga atamfar da Inna ta ɓoye ce a jikinta, ashe danginsa sun saka ta cikin lefe. Ya durƙusa ya riƙe bakin zanen, suka yi ta kuka, kafin ya iya ce mata, "Sannu da zuwa, Haulina."