Amarya a Bakin Ƙofa, Kifi a Hannu

Saura kwana tara bikin Subrata aka taru a tsakar gidan su Bagchi da ke Krishnanagar, a ƙasar Indiya, ana rabon aiki. Protima, matar wan babansa, wadda yake kira Jethima, ita ce a kan kujera tana taunar ganyen pan, wanda suke tauna kamar goro, tana ba da umarni.

"Kifi, mijina, Jethunka, shi zai yo. Masu girki na riga na yi musu magana. Tarbar amarya kuwa, ni zan yi."

Subrata ya ɗago kai daga wayarsa. "Jethima, ai na ɗauka Ma ce za ta..."

"Ma? Dubi zanen jikinta tukuna, sannan ka ƙarasa maganar!"

Kalyani, mahaifiyarsa, tana bakin madafa tana tsince shinkafa cikin farin sari. Shekara biyu da wata huɗu ke nan da rasuwar mijinta. Tun ranar aka fasa awarwaronta, aka goge jan garin matan aure da ke tsagar gashinta, ta daina cin kifi. Takaba ce wadda ba ta da ranar fita. Ga shi uwar ango ba ta zuwa wurin ɗaurin aure; rabonta ɗaya a duk bikin shi ne ta tarbi amarya a bakin ƙofa. Kuma Subrata shi kaɗai ne ɗanta.

"Didi ta faɗi gaskiya, ɗana," in ji Kalyani, wadda ke kiran Protima Didi, wato Yaya, ba ta ko ɗago ba. "Wadda ta rasa miji ba ta tarbar amarya. Zan zauna a ɗakin baya. Ai zan ji guɗa daga can."

Subrata ya dubi Jethima, ya mayar da kai kan wayarsa. Tun yana yaro bai taɓa ɗaga murya a gidan nan ba.

Da yamma ya sami Mitali, wadda zai aura, a wurin mai shayin ƙofar asibiti, ta tashi daga aiki. Nas ce. Ita ta yi jinyar babansa wata takwas, a nan suka san juna. Ya gaya mata yadda aka yi yana juya ɗan kofin ƙasar da ke hannunsa.

"Kai kuma ka ce me?"

"Me zan ce? Al'ada ce. Ma da kanta ta yarda."

"Ta yarda! Ina gani matar nan ta yi wata takwas a kan tabarma a gefen gadonsa. Ni da nake nas ma ta fi ni sanin lokacin maganinsa. Yanzu ita ce mai farar ƙafa?"

"Sori, Mitali. Na minti goma ne kawai. Ki bari a wuce wurin."

Ta ajiye kofinta, idanunta sun kawo ruwa. "Subrata, tambaya ɗaya. In wata rana ni ce cikin farin sari, ɗanmu ma haka zai yi shiru?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa. Ta hau bas ba sallama. Kwana uku ba ta ɗauki wayarsa ba, har ya soma tsoron auren ya lalace. A rana ta huɗu ta ɗauka, ta ce, "Zan zo. Amma kada ka ce ban gaya maka ba."

An ɗaura aure a gidan su Mitali ranar Laraba. Ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da kwata, mota ta tsaya a ƙofar gidan su Bagchi. An shirya komai yadda aka gada. Ga farantin madara gauraye da alta, jan launin da matan aure ke shafawa a ƙafa. Ga farin ƙyalle an shimfiɗa daga bakin ƙofa zuwa tsakar gida, don sawun amarya ya fito a kai. Ga tukunyar madara a kan wuta, wadda ake so ta tafaso ta zuba a kan idon amarya, alamar arziki zai yi ambaliya a gidan. Aka ɗora wa Mitali tulun ruwa a ƙugu, aka danƙa mata kifi mai rai a hannun dama. Gefen sarinta yana ƙulle da mayafin ango, ƙullin da ba a kwancewa a hanya.

Jethima ta taho cikin sari mai jan baki, da tiren fitila da zuma, ta kira amarya da sunan da ake kiran matar ɗa. "Bouma, taka faranti da ƙafar dama."

Mitali ta sunkuyar da kai cikin ladabi. "Jethima, ina Ma?"

"Tana inda ya dace da ita. Taka!"

"Zan jira ta."

Guɗa ta tsaya cak. Kifin ya yi wani zillo, Mitali ta ƙara damƙe shi, ruwa na bin hannunta har gwiwar hannu.

"Kun ji min 'yar zamani! Ƙafarta ba ta shiga gida ba, bakinta ya riga ta shiga!" Jethima ta juya ga mata. "Ai na faɗa tun farko. Wadda aka samo a ɗakin majinyata, me za ta sani na biki?"

"Didi, madara ta soma tasowa!" wata ta ƙwala kira daga wurin murhu. "In ta zuba amarya na waje, an yi asara!"

"To, a rage wuta mana! Subrata, ka yi wa matarka magana. Unguwa duk tana kallo!"

Subrata ya dubi Mitali. Gumi ya jiƙe mata goshi, amma ƙafarta ba ta motsa ba. Ya so ya lallaɓa ciki ya roƙi mahaifiyarsa a ɓoye, sai ƙullin mayafin ya riƙe shi. Ba ya iya shiga sai da Mitali, ita kuwa ba za ta shiga ba. Abu ɗaya ya rage masa.

"Ma!"

Tantabarun da ke kan rufi suka tashi. Shi kansa bai san yana da irin wannan muryar ba.

"Ma! Ki fito! Ba za mu shigo ba sai ke kika shigo da mu!"

Daga ɗakin baya muryar Kalyani ta fito, cikin kuka. "Ɗana, ka rufa min asiri! In wani abu ya same ka fa, ina zan sa kaina?"

"Ranar da ciwo ya kama Baba, jan sari ne a jikinki, da awarwaro har gwiwar hannu. Bai hana ba. Farin zane bai taɓa kashe kowa ba, Ma. Hannun da ya raine ni, shi nake so ya tarbi matata!"

Tsoho Nirmal, Jethun nasa, wanda sai ya yi mako bai sa baki a maganar mata ba, ya tako a hankali da sandarsa. Ya tsaya gaban matarsa.

"Ba ta tiren. Matar ƙanena ce. Da yana nan, da a bayanta zai tsaya."

Kalyani ta fito tana bin bango, kamar baƙuwa a gidanta. Ta karɓi tiren tana ta jinkiri, har Mitali ta ce a hankali, "Ma, yi sauri don Allah, kifin nan ya kusa fin ƙarfina." Dariya ta ƙwace wa Kalyani cikin hawaye. Ta zagaya fuskar amarya da fitila sau uku, ta ɗiga mata zuma a leɓe.

"Shigo, Bouma. Shigo gidanki."

Mitali ta taka faranti. A daidai lokacin madara ta tafaso ta malale gefen tukunya, mata suka ɓarke da guɗa. Jethima ta tofar da pan ɗinta, ta ce, "Haka ake guɗa a gidanku? Ku matsa!" Ta rangaɗa wadda ta fi ta kowa tsawo.

Kalyani ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ta goyi jikoki biyu, babu abin da ya sami ɗanta. Da ta rasu aka buɗe akwatinta, aka tarar da farin ƙyallen nan a ninke, da jan sawu bakwai a kansa, sun ɗan koɗe.

Ku matasa, al'adar da ke tura uwa ɗakin baya ranar farin cikin ɗanta ba ta cancanci a yi mata shiru ba. Kuma wadda ta tsaya wa mahaifiyarka a bakin ƙofa, ita ce za ta tsaya maka har ƙarshen rayuwa.